Me ya sa ake sa maraƙi tattaki bayan an dasa masa zuciyar roba?

Ɗan Birni: Salam jama'a, don Allah masu ilimin likitanci ku taimaka. Naji wai a Houston ta Amurka an cire wa maruƙa zuciya aka sa musu ta ƙarfe mai suna BiVACOR, sannan aka ɗora su kan injin motsa jiki suna tafiya. To ni abin da ban gane ba, tunda dabbar ta tashi tana cin abinci ai shikenan ta yi aiki, meye na wahalar da ita kuma?

Uwar Gida: Wallahi tausayi suka bani, dabba da ɗinki a ƙirji kuma ace yi tattaki.

Injiniya: Ɗan'uwa ai a kwance kowane famfo gwani ne. Mutum in yana hutawa zuciyarsa na tura jini kamar lita 5 a minti, da ya fara gudu sai ya haura 20, kuma ba wanda ya danna mata komai, jijiyoyi da sinadaran jiki ne ke sanar da ita, ita kuwa ta roba bata da wannan haɗin, to ta ina zata san an miƙe tsaye? Shine ake gwadawa. Wani tsarin yana lura da yawan jinin da ke dawowa, in ya ƙaru ya ƙara turawa. A jami'ar Tokyo kuma da awaki suka yi, injin na lura da yadda hanyoyin jini ke buɗewa in dabba ta fara motsi sai ya ƙara ƙarfi. Ga kuma rigimar dama da hagu, in ɓangaren dama ya fi na hagu turawa jini zai taru a huhu, numfashi ya gagara, kuma irin wannan sai an motsa yake fitowa fili.

Ɗan Birni: Ikon Allah. To me yasa maraƙi, ba biri ba?

Malama Nas: Girman ƙirji ne yaya, na maraƙi na ɗaukar injin da aka ƙera don babban mutum. Zuciyar roba mai suna Jarvik-7 ma da aka dasa wa wani majinyaci Barney Clark a jihar Utah ta Amurka a 1982, ya yi kwana 112 da ita, sai da aka sha gwada irinta a maruƙa. Matsalar maraƙi saurin girma, wata kaɗan ya fi ƙarfin famfon. Kuma lafiyayyen maraƙi daban, dattijo mai ciwon ƙoda da suga daban, shi yasa ko BiVACOR ɗin da aka fara sa wa mutum a Yulin 2024 na wucin gadi ne kafin a samu zuciyar dashe.