Dagargajajjen baƙin wake irin na Meziko ba tare da kitsen dabba ba

Amarya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samo baƙin wake a kanti, kuma ina so in yi soyayyen waken nan na mutanen Meziko da suke kira frijoles refritos, sai dai baƙuwar da zan girka wa ba ta cin komai da ya fito daga dabba, har madara da man shanu. Don Allah a taimaka mini da shawara.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. A girkinsu na gargajiya da kitsen alade suke soya shi, saboda haka ko ba don baƙuwar ba dole ne mu sauya mai, kuma man gyaɗa ya wadatar. Ki tsince wake kofi 2, ki jiƙa shi kamar awa 8, ki zubar da ruwan, sannan ki ɗora da sabon ruwa tare da rabin albasa da tafarnuwa. Yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya yi laushin da zai murƙushe tsakanin yatsu.

Maman Biyu: Hajiya, me zai hana ta jefa 'yar kanwa kamar yadda muke yi wa farin wake? Itace da gas sun yi tsada.

Yaya Mai Girki: Maman Biyu, a wannan girkin ban goyi bayan kanwa ba. Ruwan dahuwar shi ne ran abincin, domin da shi ake sassauta waken a cikin kasko, kuma idan kanwa ta shiga, ɗanɗanonta zai bi ruwan har cikin kwano. Wadda take da tukunyar matsi ta yi amfani da ita, minti 30 ya isa idan an jiƙa waken. Abin da za a kiyaye kawai shi ne kada a sa tumatir ko lemun tsami tun farko, saboda tsami yana hana wake nuna da wuri.

Hajiya Babba: Haka ne. Idan ya nuna, ki zuba mai cokali 4 a kasko, ki soya yankakkiyar albasa a wuta kaɗan har ta yi ja-ja, domin zaƙinta ne zai cike gurbin kitsen da aka cire. Ki ƙara tafarnuwa da attarugu ɗaya, sai ki riƙa zuba waken ludayi-ludayi kina dannawa da muciya, kina tsiyaya ruwan dahuwar a hankali. Ki sauke shi yana da ɗan ruwa-ruwa, don yana ƙara kauri idan ya huce. Ni ba na son na blanda, yakan fito sumul kamar kunu.

Yaya Mai Girki: A kudancin Meziko, wajen Oaxaca da Yucatán, inda aka fi cin baƙin wake, suna dafa shi da wani ganye mai ƙarfin ƙamshi da ake kira epazote, mutanen Oaxaca ma har gasasshen ganyen fiya suke sawa. A arewacin ƙasar kuwa waken pinto, wani wake mai ɗigo-ɗigo, ya fi yawa. Tunda epazote yana da wuyar samu a wajenmu, garin kumin (kayan ƙamshin da ake kira cumin) rabin ƙaramin cokali zai ba shi ƙamshi mai kyau.

Maman Biyu: To, na janye batun kanwa. Amma Amarya, ki duba takardar dunƙulen da za ki sa, domin wasu suna ɗauke da kitsen kaza ko na saniya. Gishiri da albasa kaɗai ma sun isa. Su kan barbaɗa farin cuku a kai, ke sai ki yanka fiya a madadinsa, ki matsa lemun tsami bayan kin sauke.

Amarya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da me zan haɗa shi, kuma zai iya kwana?

Hajiya Babba: Amin. Su da tortilla, wata siririyar gurasa ta masara, suke ci, amma farar shinkafa ko gurasa duk suna tafiya da shi. Yana yin kwana 3 zuwa 4 a firji cikin rufaffen mazubi, kuma idan za ki ɗumama, ki tanadi ragowar ruwan dahuwar ki zuba kaɗan a kaskon.