“Da ruwan ciki ake jan na rijiya”: shin ta shafi ɗaliban sakandare?

Malamin Hausa, Ƙofar Marusa, Katsina: Assalamu alaikum. Karin maganar da na kawo yau ita ce “da ruwan ciki ake jan na rijiya.” Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin kwanon gero da masara ya yi tashin gwauron zabo, muke ganin 'yan aji huɗu da biyar suna zuwa makaranta ba su karya kumallo ba, kafin ƙarfe sha ɗaya yaro ya kifa kansa a kan benci, ko kuma ya zama mai saurin fushi. A ganina wannan karin magana ta kama aikin ƙwaƙwalwa kamar yadda ta kama aikin ƙarfi.

Dattijo, Daura: Malam, mu a saninmu ana faɗin ta ne ga mai neman riba, wato sai da jari a hannu ake samun ƙari. Ina tsoron kada samari su mayar da ita hujjar lalaci. Magabata sun ce mahaƙurci mawadaci, kuma da yawa sun yi karatu da kunu kaɗai.

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Ƙaura: Baba, Allah ya ƙara girma. Wanda ya sha kunu ya san akwai tuwo da dare, hankalinsa kwance yake. Abin da ke cin yaran nan shi ne rashin sanin ko za a ɗora tukunya a gida. Shekarun balaga lokaci ne da jiki ke girma da sauri, 'yan mata kuma suna rasa jini a lokacin haila, saboda haka ƙarancin jini yana kama su da wuri, ya zo da kasala da ciwon kai da mantuwa. Sannan ga kunya. Akwai yarinyar da idan an fita tara, ƙawayenta suka nufi mai awara, sai ta ce azumi take yi, alhali ta bar wa ƙannenta nata rabon ne. Irin wannan takan daina barci, ta janye daga mutane, ta riƙa kuka ba dalili, a gida kuwa a ce iska ce ko miskilanci, nan kuwa ciwon damuwa ne da ke buƙatar kulawa. Idan muka ce mata ta yi haƙuri kawai, mun rufe mata baki.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Soro: Ina goyon bayan Malama. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa idan an kawo abincin dare kuma aka tayar da salla, a fara da abincin. Idan yunwa tana hana natsuwa a salla, yaya kuma takardar lissafi ta WAEC?

Dattijo, Daura: Na ji hadisi, kuma na karɓa. Sai dai har yanzu ban so a faɗa wa yaro wannan karin magana. Uba da hukuma ya kamata a faɗa wa.

Malamin Hausa, Ƙofar Marusa: Ranka ya daɗe, a nan mun haɗu. Shirin ciyarwa da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 ya tsaya ne a aji ɗaya zuwa uku na firamare, ɗan sakandaren jeka-ka-dawo ba ya ciki, kuma wasu ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a Batsari da Jibiya, suna raɓe a gidajen dangi. Zan kai maganar koko da ƙosai na safe gaban taron iyaye da malamai. Malama, da wane lafazi zan tambayi yaro ko ya ci abinci ba tare da na kunyata shi a gaban 'yan ajinsu ba?