Neman shawara: an kawo min tsarin kula da lafiyar ma'aikata, in saya ko in bari?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da 'yar ƙaramar maɗaba'a, mu goma sha biyu ne har da ni. Huɗu suna kan kwamfuta suna zane da tsara shafi, biyar suna kan injina, biyu suna yanka da ɗauri. Shekara bakwai ke nan muna lallaɓawa.

Wata biyu da suka wuce babban mai injina, wanda muka fara tare tun muna mu uku, jiri ya kwashe shi yana tsaye. Allah ya taƙaita, ba a bakin wuƙar yanka ya faɗi ba. Da muka kai shi asibiti aka auna jininsa aka samu 180 bisa 110, shi kuwa bai taɓa sanin yana da hawan jini ba. Ban da shi, biyu daga masu zane kullum cikin kukan baya da wuya suke, ɗaya har man zafi yake ajiyewa a aljihun tebur. Fashin aiki ma ya yi yawa, musamman idan mun fito daga makon da aiki ya yi mana rubdugu.

Ana cikin haka wani kamfani ya kawo min tsari: manhajar waya mai ƙirga taku, rangwame a gidan motsa jiki, lacca kan rage damuwa duk wata, gwajin lafiya sau ɗaya a shekara, sannan su riƙa kawo min rahoto. Kuɗin shekara ya kusa albashin mutum ɗaya na wata uku. Sun ce abin da na kashe zai dawo ninki uku. Gaskiya hankalina ya kwanta da shi, don har yanzu faɗuwar bawan Allahn nan ba ta bar idona ba. Wanda ya san harkar ya ba ni shawara, in sa hannu?

Wani akanta:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba shi lafiya. Wannan “ninki uku” na san inda suka samo shi. A 2010 wasu masana a Jami'ar Harvard sun tattara binciken da aka yi a baya, suka ce kowace dala ɗaya da aka kashe tana rage kusan dala 3.27 a kuɗin magani. Shi 'yan talla ke ta yawo da shi har yau. Abin da ba za su gaya maka ba, biyu daga cikin masanan nan da kansu suka sake gwadawa ta hanyar da ta fi inganci, wato a yi ƙuri'a, wasu wurare su samu tsarin wasu kada su samu. Sun yi a rassa 160 na kantunan BJ's Wholesale Club a Amurka, ma'aikata kusan 33,000, tsawon wata 18, aka buga sakamakon a 2019. Waɗanda aka ba tsarin sun fi cewa suna motsa jiki, amma awon jini, nauyi, kuɗin asibiti da fashin aiki duk babu wani bambanci na a zo a gani. Jami'ar Illinois ma ta gwada a kan ma'aikatanta kusan 5,000, labarin ɗaya ne, har aka gano cewa masu shiga tsarin dama su ne suka fi lafiya tun farko.

Kuma ka lura, ribar da ake lissafawa ta manyan kamfanonin da ke biya wa dubban ma'aikata inshorar lafiya ce. Kai da mutum goma sha ɗaya, ta wace ƙofa za ta shigo maka?

Wata nas:
Alhaji, ni abu ɗaya ne a cikin jerin nan ya tsaya min a rai, shi ne “su riƙa kawo min rahoto”. Rahoton me? Idan sakamakon gwajin kowa zai biyo ta teburinka, to wallahi wanda ya fi buƙatar gwajin shi zai fara guduwa, don yana tsoron ranar da za a rage ma'aikata a tuna da shi. Ciwon mutum sirrinsa ne, tsakaninsa da mai duba shi.

Amma kada jin maganar Malam akanta ya sa ka watsar da awon jini. Hawan jini ba ya sallama, kusan rabin masu ɗauke da shi a duniya ba su sani ba. Ka sayi na'urar awo mai ɗaurawa a dantse, ba ta wuyan hannu ba, ka ajiye ta inda mutum zai shiga shi kaɗai. Ya zauna minti biyar tukuna, bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Ya rubuta a takardarsa, ba a littafin ofis ba. Wanda ya ga 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, ya tafi asibiti. To nan ne naka aikin yake: ka ba shi rabin yini ya je ba tare da ka yanke masa ko kwabo ba. Na sha ganin wanda aka auna, aka gaya masa, bai dawo ba sai da aka kawo shi ranga-ranga, don kawai ba ya iya barin wurin aiki.

Wata mai kula da ma'aikata:
Kafin in ce komai, awa nawa suke yi a mako?

Mai tambaya:
Takwas na safe zuwa shida na yamma, kwana shida. Idan aiki ya matse mukan kai sha ɗaya na dare, wani lokaci mako biyu a jere.

Wata mai kula da ma'aikata:
To ai ga amsarka nan ka rubuta da hannunka, Yallaɓai. Awa 60 ke nan a makon da babu matsi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasi cewa mai yin awa 55 ko fiye a mako ya fi mai yin 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Sun ce dogon aiki ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016 kaɗai. Ban ce shi ya kayar da mutuminka ba, wannan sai likita. Amma mutumin da ya bar aiki sha ɗaya na dare ya dawo takwas na safe, yaushe zai je gidan motsa jikin da za ka biya masa? An bar jaki ana dukan taiki.

Wani ma'aikaci:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba mai kamfani ba ne, irin waɗanda ake sayo wa tsarin ne. A inda na taɓa aiki an kawo mana mai laccar rage damuwa. Ranar hutunmu aka sa, aka ce dole. Muna zaune tana koya mana jan numfashi, albashinmu kuwa ya yi kwana tara da wucewa. Na kusa da ni ya raɗa min, “A biya mu ka ga yadda numfashi zai daidaita da kansa.” Manhajar ƙirga takun kuwa, wani ɗaure wayarsa ya riƙa yi a jikin injin da ke karkarwa, shi ya ci kyautar wata.

Oga, ka tambaye su mana. Amma ba a taro kana tsaye ba, kowa cewa zai yi lafiya lau. Ka ajiye kwali, kowa ya rubuta abu biyu da ke gajiyar da shi, ba suna.

Wata mai ƙaramin kamfani:
Ni dai kada a yi wa abin kuɗin goro. Mu takwas ne, kuma tafiyar ƙafa ta minti ashirin da muke yi tare sau uku a mako ta shekara biyu ba ta mutu ba. Ba ta kai minti 150 na motsa jiki da ake so babba ya samu a mako ba, amma ta fi babu, kuma a nan ne na fara jin matsalolin da ba a kawo min ofis. Sirrin kawai, a cikin lokacin aiki ake yi, ba a tilasta wa kowa, kuma ni ce a gaba. Ranar da maigida ya daina fita, an gama.

Wani jami'in kiyaye haɗurra:
Alhaji, tunda maɗaba'a ce bari in taɓa abin da ba a taɓa ba. Ka tsaya kusa da injin yana gudu, kai da wani, tazarar hannu ɗaya. Idan sai kun ɗaga murya kuke jin juna, ƙarar ta kai wajen desibel 85 a ma'aunin ƙarfin ƙara, kuma awa takwas kullum a cikin wannan tana cin ji a hankali, jin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Abin toshe kunne ba shi da tsada. Na biyu, sinadarin wanke tawada: ciwon kai da jirin da ake ɗora wa gajiya, wani lokaci shi ne. A rufe gwangwani, tsumman da aka goge da shi a sa a bokiti mai murfi, a sa fanka mai fitar da iska waje, ba mai juya ta a ɗaki ba, a kuma sa safar hannu.

Masu ɗaukar takarda a sama musu amalanke, a daina tara kaya a ƙasa inda sai an sunkuya. Masu zane kuma, saman allon kwamfuta ya yi daidai da ido, kujera ta tokare ƙugu, duk minti 20 a ɗauke ido a kalli nesa na daƙiƙa 20. Mai man zafin nan, ka je ka zauna a kujerarsa awa ɗaya ka gani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana biyu ne don na ajiye kwalin. Takarda tara na samu. Babu wanda ya ambaci motsa jiki. Shida sun rubuta aikin dare, huɗu zafi da warin ɗakin inji, uku kujera. Ɗaya kuma ya rubuta, “Oga ya daina karɓar aikin gobe-gobe alhali ya san na jiya bai fita ba.” Na gane rubutun, amma na yi kamar ban gane ba. Na kuma zauna a kujerar, ashe ƙafarta ɗaya da kwali aka tokare ta.

Na ce wa kamfanin su dakata. Na'urar awo da kujeru huɗu sun iso, mai fanka zai zo jibi. Inda na maƙale shi ne awannin. Hajiya mai kula da ma'aikata, maganarki gaskiya ce, amma watannin matsin nan su ke ciyar da mu sauran shekara, in na mayar da aiki wani zai karɓa. Kuma biyu daga masu injin sun ce kada a taɓa musu aikin dare, da kuɗin obataya suke biyan haya.

Wata mai kula da ma'aikata:
Ban ce ka mayar da aiki ba. Masu injin biyar ne, ka raba su biyu a lokacin matsi, wasu su shigo da safe wasu da rana, inji bai tsaya ba kuma babu wanda ya yi awa goma sha biyar. Wanda ya kai dare kada ya dawo sai ya samu awa 11 a tsakani, haka dokar Tarayyar Turai ta tanada kuma ma'auni ne mai kyau ko a ina. Masu son obataya a ba su, amma da iyaka a mako. Kuɗin da ka so ba kamfanin nan, ka ɗauki mutum ɗaya na wucin gadi a watannin. Shi babban mai injin fa, ya dawo aiki?

Mai tambaya:
Ya dawo, yana shan magani. Jiya na hana shi tsayawa dare, ya yi fushi ya ce na mayar da shi tsoho.