Ta yaya kuke gane ƙwararren injiniyan sauti kafin ku ba shi aiki?

Mawaƙi, daga Kano:
Assalamu alaikum. A bara na ɗauki waƙa a wani situdiyo da kayansa suka burge ni, domin akwai manyan lasifikoki da fiyano ƙirar Yamaha da sabuwar kwamfuta. A cikin ɗakin waƙar ta yi daɗi ƙwarai, amma da na saurare ta a wayata, sai na tarar kiɗan ya danne muryata, 'yan amshi kuma kamar daga cikin rijiya suke amsawa. Sai da na sake biyan kuɗi a wani wuri. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a harkar su faɗa mana abin da suka gani da idonsu.

Ma'aikaciyar rediyo, daga Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam, ni darasina na koye shi ne a wajen wani dattijo da muka yi aiki tare, wanda ya fara tun zamanin faifai da kaset. Ba ya taɓa danna maɓallin ɗauka sai ya tsaya shiru ya saurari ɗakin, kuma sau da yawa yakan jiyo gurnanin wutar lantarki ko na janareta da mu ba mu ji ba, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda yake shigowa. Yakan kuma sa mai magana ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa kafin a fara, saboda sautin da ya haura sifili a ma'aunin kwamfuta ya riga ya fashe, kuma da wuya gyara ya dawo da shi yadda yake. Duk injiniyan da ya ce mini "za mu gyara daga baya" tun ba a fara ba, ina ɗari-ɗari da shi.

Mai shirya fim, daga Jos:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni tambaya ɗaya nake yi, wato a wane ma'auni zai ɗauki sautin. Aikin fim a kan kilohaz 48 ake yin sa, wato na'ura tana auna sautin sau dubu 48 a kowace daƙiƙa, faifan CD kuma a kan 44.1, kuma na taɓa shan wahalar daidaita magana da motsin baki saboda wanda na ɗauka bai kula da wannan ba. Ƙarshenta ma fayil ɗin MP3, wanda aka rage wa inganci, ya miƙo mini maimakon WAV mai cikakken inganci.

Makaɗin kalangu, daga Katsina:
Ni dai gwajina shi ne kayan kiɗa na gaske. Yaro yana iya ƙwarewa a manhajar haɗa kiɗa irin su FL Studio ko Cubase, ya haɗa kiɗa mai daɗi da fiyano, amma ran da ka ajiye masa kalangu sai ya rasa inda zai kafa makirufo. Kalangu magana yake yi, sautinsa yana hawa yana sauka gwargwadon yadda ka matsa tsarkiya, kuma akwai wanda ya taɓa matse mini sautin a na'ura har kirarin da nake bugawa ya daina fitowa. Wanda na fi jin daɗinsa kuwa, sai da ya zagaya ni ina kiɗa, ya durƙusa ya tashi yana neman inda sautin ya fi cika, sannan ya ajiye makirufo a nan. Bai nuna mini wata takarda ba, ban kuma tambaya ba.

Injiniyan sauti, daga Zariya:
Baba, ina girmama maganarka, amma kada mu raina karatu. Na yi shekaru ina aiki da kunne kaɗai, sai da na zauna na koyi dalilin abubuwa sannan na daina maimaita kuskure, misali na gane cewa dandalin sauraron waƙoƙi na Spotify yana daidaita ƙarfin waƙoƙi a kusan 14 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarar sauti na LUFS, don haka matse waƙa domin ta fi ta kowa ƙara ba ya ƙara mata komai a can sai asarar armashi. Haka Auto-Tune, wato manhajar daidaita murya, idan ya yi yawa yakan taɓa karin harshe, alhali a Hausa karin sauti yana sauya ma'anar kalma. Ga mai tambaya, ka nemi injiniya ya kunna maka muryar wani aikinsa ita kaɗai, babu kiɗa babu ado, sannan ka saurari cikakkiyar waƙar a wayarka da cikin mota kafin ka biya. Ku kuma yi yarjejeniya tun farko cewa zai ba ka fayilolin murya da na kiɗa daban-daban, kuma za a rubuta sunansa a jikin aikin.