Famfon gonata ya daina tashi bayan na sabunta Raspberry Pi, ina neman shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 ke kunna mini famfon burtsatse a gonar kaji da shida na safe, ya kashe in tanki ya cika. Ɗan rubutun manhajar tawa ba wani abu ba ne: ya sa 17, lambar ƙafar Pi (filin da ake jona waya), a /sys/class/gpio/export, sannan ya tura 1 ga rile, makunnin da ke tada famfo. Shekaranjiya na sabunta, kernel, wato jigon manhajar da ke tafiyar da na'urar, ya koma 6.6. Da hantsi yaron gona ya kira ni, mazuban ruwa sun bushe ƙayau, kaji sun buɗe baki suna haki. Sai da muka nemo 'yan garuwa. Yanzu abin da yake ba ni kawai "Invalid argument". In koma tsohon kernel ne in zauna lafiya, ko yaya?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba, Malam. Hanyar tana nan, lambobin ne suka matsa. A 6.6 lissafin ƙafafun Pi 4 daga 512 yake farawa, don haka 17 ɗinka ya zama 529. Canza wannan, yau famfo zai tashi.

Amsa ta biyu:
Gaskiya ya faɗa, amma ɗan'uwa kada ka tsaya nan. Tun kernel 4.8 a 2016 aka kawo sabuwar hanyar sarrafa ƙafafu, /dev/gpiochip, aka ce wa masu amfani da tsohuwar hanyar su fara kwashe kayansu. Kuma ba don son rai ba ne. A tsohuwar, kernel bai san wa ke riƙe da ƙafa ba. Manhaja biyu za su iya cin karo a kan ƙafa ɗaya, kuma in taka ta mutu famfo na kunne, haka zai yi ta zuba har ka zo ka tarar da tafki a bakin keji. Ga lamba da ba ta da tabbas, ka dai gani da idonka. Masu rubuta kernel in sun ce za su cire abu, sukan daɗe amma sukan cire. Misali /dev/kmem, wani tsohon ɓangaren kernel, shekaru aka yi ana maganarsa, a 5.13 cikin 2021 aka fitar da shi. Zama a tsohon kernel kuwa, na'urar da ke jone da intanet ban ba ka shawara ba, gyaran tsaro zai riƙa wuce ka.

Ka saka gpiod, kayan aikin sabuwar hanyar, ka buga gpioinfo ka ga ƙafafunka, 17 na nan a 17. Ni dai gpiozero, kayan sarrafa ƙafafu, nake amfani da shi a yaren manhaja na Python, layi biyar ya isa. Abu ɗaya ka kiyaye: in gpioset, umarnin gpiod mai kunna ƙafa, ya fita ya saki ƙafar, babu tabbacin za ta tsaya a yadda ya bar ta. Dole manhajar ta ci gaba da gudana muddin famfo na aiki.

Amsa ta uku:
Ni mai wayarin ne. Yallaɓai, sa makunnin nan mai yawo a kan ruwa cikin tanki, da makunnin hannu kusa da kwantakta (babban makunnin wutar famfo) wanda yaron zai iya taɓawa. Kuma kafin kowane sabuntawa, kwafi katin memori na Pi ka ajiye.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sa 529, ruwa na hawa tanki yanzu haka. Ranar Asabar zan sake rubutun da gpiozero a wani kati daban, in gwada da ƙwan fitila kafin in jona famfo.