Wa ya taɓa haɗa sabar imel da kansa? Ku zo mu ji yadda kuka ƙare da ita

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani Alhaji a Kantin Kwari da nake kula masa da kwamfutocin ofis, ya ce ya gaji da biyan kuɗin imel da dala duk wata kan kowane ma'aikaci, yana so a haɗa musu nasu da domen ɗin kamfani. Na ɗora Postfix (manhajar aikawa da karɓar imel) da Dovecot (wadda ke ba ma'aikata damar buɗe akwatinsu) a kan Ubuntu, saƙo na shigowa lafiya lau, amma wanda muka aika wani ya faɗa spam wani kuma ya dawo mana. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan harkar ya faɗa mana abin da ya gani.

Injiniyan Sharaɗa:
Wa'alaikumus salam. Tambaya ta farko, ina injin yake? In a ofis ka ajiye shi da intanet ɗin layin waya to daga nan matsalar ta faro. Na taɓa karɓar aikin wata masana'anta a nan Sharaɗa, na tarar an ajiye sabar a ƙarƙashin tebur ɗin akanta, adireshin IP ɗin da suke fita da shi kuwa ba nasu ba ne su kaɗai, ana raba shi da ɗimbin kwastomomi, gobe ma ya canza, ga fot 25, ƙofar da sabobin imel ke bi su miƙa wa juna saƙo, a toshe, kuma irin waɗannan adireshin yawanci suna cikin jerin PBL na Spamhaus (masu bin diddigin spam) wanda ke cewa bai kamata imel ya fito daga nan kai tsaye ba. Babu saitin Postfix ɗin da zai gyara wannan. VPS, wato sabar haya a intanet, muka kama muka kwashe komai can. Amma ko shi ma kar ka biya shekara sai ka tambaye su ko suna buɗe fot 25, da yawa suna rufe wa sabon akawun, sannan ka duba IP ɗin da suka ba ka a Spamhaus tun kafin ka fara. Kamar kama shago ne a kasuwa, in wanda ya tashi ya ci bashin mutane ya gudu, kai za a riƙa yi wa kallon banza.

Baban Ummi:
A VPS yake yallaɓai, kuma fot 25 a buɗe, na gwada.

Maman Ilham:
To ni ina zargin DNS ne, wato bayanan da ke haɗa sunan domen da adireshin IP. Ni ke riƙe da imel ɗin wata makaranta a Gwammaja kuma abin da ya fi cinye min lokaci kenan. Fara da PTR, wato in an tambayi IP ɗinka ya mayar da sunan sabar, sunan kuma ya koma kan IP ɗin, kuma ya zo ɗaya da abin da ka sa a myhostname na saitin Postfix. Wannan ba a wajen mai domen ake sa shi ba, a wajen masu VPS ne, mutane da yawa nan suke ɓata. Daga Fabrairun 2024 Gmail ya ce duk mai aiko masa saƙo dole ya zama yana da SPF (jerin sabobin da aka yarda su aika da sunan domen) ko DKIM (sa hannun lantarki a kan saƙo) da PTR mai kyau, masu aika 5,000 a rana kuwa dole SPF da DKIM duka har da DMARC (umarnin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi gwajinsu). Ni dai ukun, SPF da DKIM da DMARC, nake sawa ko saƙo goma ake aikawa.
Abin da na tarar a makarantar, wanda ya yi musu shafin intanet ya sa SPF ɗinsa, wanda ya fara haɗa imel shi ma ya ƙara nasa, layi biyu duk suna farawa da v=spf1. Domen ɗaya SPF ɗaya ake yarda da shi, in sun zama biyu dukkansu sun lalace. Na haɗe su layi guda. Sai DKIM, makulli mai bit 2048 ya fi haruffa 255 da gutsuren TXT ɗaya na DNS ke ɗauka, dole a raba shi gida biyu, kuma wani fanel ɗin yana datse wutsiyarsa shiru ba zai gaya maka ba. Ka aika wa kanka saƙo, ka buɗe asalin kan saƙon, ka nemi layin Authentication-Results, can za ka ga spf=pass ko dkim=fail ƙuru-ƙuru.

Ɗan Fagge:
Aunty ta gama magana. Ni nawa daban ne, komai na tafiya daidai sai wata safiya Oga ya kira wai kwastoma a Legas bai ga takardar farashi ba. Na buga mailq don ganin saƙonnin da ke jiran fita, wallahi allon bai daina gudu ba, dubban saƙonni zuwa adireshin da ba mu taɓa sani ba, duk daga akawun ɗin wani yaro mai kula da sito wanda kalmar sirrinsa sunan kamfani ce da 123. An shiga da ita cikin dare. Na canza ta, na share jerin gwanon da postsuper, na sa fail2ban mai toshe masu gwada kalmar sirri, na ƙayyade yawan saƙon da akawun ɗaya zai iya fitarwa a awa, sannan na cike fom ɗin neman a cire mu daga baƙin jeri. Cirewar ba ta daɗe ba amma kafin saƙonmu ya daina faɗawa spam an ɗau makonni. Baban Ummi ka leƙa /var/log/mail.log, saƙon da ya dawo yana zuwa da dalilinsa, lamba 550 da bayani a gabanta.

Mai Sola:
Nawa har yau a gida yake a Hotoro kan inbata, amma karɓa kawai yake, aikawa ta relay nake bi, wato wata sabar ce ke fitar min da saƙon. In wuta ta ɗauke batir ya mutu saƙo ba ya ɓata nan take, sabar mai aikowa tana ta sake gwadawa, Postfix ma kwana 5 yake riƙewa kafin ya haƙura. Abin da ya fi damun mutanena satifiket ne, shaidar tsaron haɗi da sabar. Na Let's Encrypt kwana 90 yake yi, manhajar certbot ta sabunta shi amma Dovecot na riƙe da tsohon, sai wayoyi su fara ƙorafi a fot 993 da suke bi su ɗauko saƙo. Ka sa deploy-hook na certbot ya riƙa sake loda Postfix da Dovecot duk sanda aka sabunta.

Injiniyan Sharaɗa:
Relay ɗin nan shawara ce mai kyau ga ɗan kasuwa. Kuma ka gaya wa Alhaji gaskiya tun yanzu, kuɗin da ya rage na wata-wata wani ɓangarensa zai koma kan mai kula da injin da kuma bakof a wani wuri daban, don ranar da faifai ya mutu wasiƙun shekaru ne za su tafi.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, SPF pass, DKIM pass, amma PTR yana nuna wani dogon suna na masu VPS ɗin, kuma saƙon da ya dawo ma maganar PTR yake yi. Na canza shi zuwa sunan sabar, ina jira ya bazu in sake gwadawa da yamma. Aunty, DMARC ɗin in fara da p=none (sa ido kawai) ko in tafi quarantine (a jefa saƙon da ya faɗi gwaji cikin spam) kai tsaye?

Maman Ilham:
p=none tukuna, ka sa adireshin rua, inda za a riƙa aiko maka rahoton DMARC, ka riƙa karanta shi. Ka tambayi Alhaji ko manhajar rasit ɗinsu tana aika imel da sunan domen ɗin, in tana yi sai ka shigar da ita SPF kafin ka tsaurara.