Yini ɗaya a Nassau da ƙananan yara: abin da iyaye suka ce

Iyayen da jirgin ruwan yawon buɗe ido ya taɓa saukewa a Nassau, babban birnin Bahamas, bakinsu ya zo ɗaya: kada a cika buri. Wuri ɗaya da safe kafin rana ta take, sai a koma jirgi yaro ya yi barcinsa.

An fi yaba gidan namun daji na Ardastra. Ƙarami ne, ga inuwa, kuma tsuntsayen filamingo, masu dogayen ƙafafu da dogon wuya, kan fito su yi maci a gaban jama'a, yara na dab da su suna ƙyalƙyala dariya. Ni ma nan zan fara kai nawa. Gaɓar teku ta Junkanoo kuwa da ƙafa ake zuwa daga tashar jirgin ruwa, sai dai cunkoso.

Kan Matakalar Sarauniya, wadda bayi suka sassaƙa a dutse wajen 1793, an ja hankali: taki sama da 60 ne, keken tura yaro ba ya hawa, goyo ya fi.

A riƙe ruwa da hula. Ana karɓar dalar Amurka. A dawo da wuri, don jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawo da kansa.